Waifai na yankewa a Linux da an cire caji, direban rtw88 ne ko me?

ɗan_kwana:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin karnel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa sassan na'ura, a taimaka min. Ina da laftof da na sa wa Debian 12, karnel 6.1, katin waifai ɗin RTL8821CE ne, lspci -nnk ya nuna min 10ec:c821 kuma direban da ke riƙe da shi, wato manhajar da ke tafiyar da katin, rtw_8821ce ne na dangin rtw88. In tana jone da wuta lafiya ƙalau, amma da an ɗauke wuta ta koma kan batir ba ta daɗewa sai intanet ya tsaya cak, alamar waifai na nan kamar ba komai amma ko ping ba ya wucewa, wani lokacin ma sai duk rautocin unguwa su ɓace daga jeri sai na kashe na kunna. Wayata tana kan rauta ɗin nan ba ta taɓa yin haka ba. A dmesg, inda karnel ke rubuta saƙonninsa, ina ganin wannan yana ta maimaita kansa:

firmware failed to leave lps state
failed to send h2c command

Ba gyaran kawai nake so ba, so nake in gane abin da ke faruwa a ciki, daga ina ake fara bi?

sarkin_gyara:
Wa alaikumus salam. Kar ka wahalar da kanka malam, je GitHub akwai direban 8821ce da ake sawa da DKMS, abin da ke haɗa direban waje da karnel, ka toshe na cikin karnel ɗin ka sa wancan. Na yi wa mutane da yawa a shago kuma suna tafiya lafiya.

yar_lissafi:
Sarkin gyara Allah ya taimake ka, amma shi fa cewa ya yi yana so ya gane, in ya sauya direba yanzu ai ya binne shaidar ke nan. Ɗan'uwa kai ka riga ka kawo rabin amsar da bakinka, tunda ka ce sai a kan batir. LPS ɗin da kake gani yanayin barci ne da katin ke shiga don a rage shan batir, shi kuma h2c saƙon umarni ne daga direba zuwa famwe, ƙaramar manhajar da ke gudana a cikin katin, wato rtw8821c_fw.bin da ke /lib/firmware/rtw88. Ma'anar layukan nan biyu ita ce direba ya buga ƙofa, katin bai farka ya amsa ba. Manhajojin da ke saman direba kuwa, su mac80211 da wpa_supplicant da NetworkManager, ba wanda ya gaya musu komai tukuna, shi ya sa alamar take nuna maka kana jone.

Barcin nan kashi-kashi ne, kuma ɗaya bayan ɗaya za ka taɓa, in ka kashe duka lokaci guda aka samu lafiya ba za ka san wanne ne mai laifin ba. Buɗe taga ɗaya ka bar dmesg -w yana gudu, ka cire caji, sai ka fara da mai sauƙin: iw dev sunan katinka set power_save off. In shiru ya yi to matsalar tana barcin rediyon ne. In bai daina ba sai ka buɗe fayil a /etc/modprobe.d ka rubuta options rtw88_core disable_lps_deep=y ka gwada, bayan nan ka cire shi ka sa options rtw88_pci disable_aspm=y. ASPM ɗin nan shi na fi zargi gaskiya, domin ba na waifai ba ne kai tsaye, layin PCIe ne da ke tsakanin katin da uwar allo yake rage wa wuta, kuma BIOS, manhajar da ke cikin uwar allon, na da hannu a ciki, shi ya sa kati iri ɗaya zai yi lafiya a wata laftof ya ƙi a wata. Kuma tsakanin gwaji da gwaji kashe laftof ɗin gaba ɗaya za ka yi ba ristat ba, wani sa'in katin na riƙe halin da ya shiga muddin wuta ba ta yanke masa ba.

ɗan_kwana:
Allah ya saka da alheri yaya. power_save off ya rage yawan saƙon amma bai hana yankewar ba, lps_deep ban ga bambanci ba, amma da na sa disable_aspm=y ta wuni kan batir har ya ƙare ba layi ko ɗaya a dmesg. To in bar shi haka ke nan?

malam_tux:
Ka bar shi don ka samu ka yi aiki, amma wannan toshe ɓaraka ce, batir zai ɗan fi saurin ƙarewa kuma na bayanka mai irin laftof ɗinka shi ma zai faɗa ramin. Tallafin katin nan a 5.9 ya shiga karnel, shekarar 2020, kuma an yi ta sa wa rtw88 faci, wato gyare-gyare, tun daga lokacin, don haka kafin komai ɗauko sabon karnel daga backports, ma'ajiyar Debian ta sababbin manhajoji, ka cire layin disable_aspm ɗin ka gani, mai yiwuwa ma an riga an gyara. In sabon ya yi lafiya tsohon bai yi ba, git bisect zai nemo maka kwamit ɗin, wato gyara guda a tarihin karnel, da ya kawo canjin, yana raba tarihi biyu kowane zagaye, kwamit dubu 14 zagaye 14 ne kacal, haɗa karnel ɗin ne dai ke cin lokaci da wuta.

In kuma har sabon yana yi, sai a kai ƙara gun masu direban. scripts/get_maintainer.pl zai ba ka waɗanda ke kula da drivers/net/wireless, ka haɗa da masu linux-wireless, zauren imel na masu aikin waifai a karnel. Nan ne shawarar DKMS take cutarwa, direban waje na shafa wa karnel tambari, duba cat /proc/sys/kernel/tainted, in ka ga 4096 maimakon 0 da wuya su tsaya duba rahotonka. Ka tura musu uname -r, da lspci -vvnn na katin don su ga layin LnkCtl inda ASPM yake, da lambar BIOS ɗinka, da cikakken journalctl -k -b -1 na lokacin da ta yanke, ba hoton allo da waya ba, rubutun kansa. Ka faɗa musu ƙarara cewa disable_aspm=y na hana abin, kuma in sun turo maka faci ka daure ka gwada ka ba su amsa, don su ba su da laftof ɗinka a gabansu.