HIFU a fuskar mai ciwon jan fuska: lafiya lau ko kasada?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Likitan fata ya tabbatar mini ina da roseshiya, ciwon nan da kumatu da hanci ke yin ja suna zafi, wani lokaci har da ƙuraje. Ina kan magani, kuma Alhamdulillahi da sauƙi. To ƙasan haɓata ya fara saki, sai wata mai gyaran jiki ta ce in zo ta yi mini HIFU, wato aikin ɗame fata da na'ura. Ta ce ba ruwansa da ciwona tunda ba ya taɓa saman fata, har ma yana rage jan. Haka ne?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Gaskiya ta faɗa miki, ƙanwata. Sauti ne da kunne ba ya ji, dangin wanda ake yi wa masu ciki sikanin da shi, sai dai wannan ana tattara shi wuri ɗaya kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Yana ratsa saman fata ya sauka a zurfin milimita 1.5, ko 3, ko 4.5. A can yake yin 'yan ɗigo-ɗigon zafi na digiri 60 zuwa 70, jiki ya shiga gyaran wurin da sabon kolajin, wato sinadarin da ke riƙe fata ta yi ƙarfi, bayan wata biyu ko uku fata ta ɗame. Na'urar Ultherapy, ɗaya daga cikin masu wannan aikin, ta sami izinin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, tun 2009 don ɗaga gira, a 2012 aka ƙara wuya da ƙasan haɓa. Kuma ba ta kula da launin fata, ba kamar lesa ba da ke iya ƙona mu masu duhu. Tsoron me kike ji?

Sista Rabi: Anti, bayanin na'urar da kika yi daidai ne, amma izinin da kika ambata na ɗame fata ne, ba na roseshiya ba. Maman Sadik, ke da kanki faɗa mana me ke tayar miki da shi.

Maman Sadik: Rana, shayi mai zafi, yaji, da tsayuwa kan tukunya.

Sista Rabi: To kin ji. Kusan duka zafi ne. Kuma ciwon ba a saman fata yake zaune ba. Ƙananan jijiyoyin jinin da ke buɗewa su sa fuska ja a cikin fatar suke, kuma zurfin milimita 1.5 bai wuce cikin fatar ba. Don haka maganar "ba ya taɓa sama" ba ta amsa tambayar ba sam. Ko mai lafiyayyar fata takan tashi da ja da kumburi da tsami bayan aikin, wata na awanni, wata na kwanaki. Ina ga wadda jijiyoyinta dama a shirye suke su buɗe?

Anti Bilki: Ai an gwada, Sista. Akwai binciken da aka buga a 2019, an yi wa masu roseshiya wannan aikin da gangan, kuma da yawansu jan ya ragu. Ba ƙirƙira mai gyaran jikin ta yi ba.

Sista Rabi: Na san shi, kuma ban raina shi ba. Amma ƙaramin gwaji ne na share fage, a kan nau'in ciwon da ke zuwa da ja da jijiyoyi, likitocin fata suka yi shi da hannunsu da na'ura mai allo da ke nuna abin da ke ƙarƙashin fata. Maman Sadik ta ce nata da ƙuraje. Takardar na'urar kanta ta hana a ɗora ta kan buɗaɗɗen ciwo ko manyan ƙuraje masu zurfi, da kuma mai na'urar bugun zuciya ko ƙarfe a wurin. Har yau abin da likitoci ke fara bai wa mai wannan ciwo shi ne man metronidazol, ko azelaik asid, ko aibamektin, ko ƙwayar doksisaikilin. Ban yarda a ɗauki gwaji ɗaya a mai da shi tallan shago ba.

Hajiya Kaltume: 'Ya'yana ku bari in sa baki, don ni abin ya taɓa. Ina da ciwon nan, kuma na yi aikin a wani wurin gyaran jiki da ba zan kama suna ba. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da wata lalura. Na'urar ba ta da allo, yarinyar bin fuskar kawai take yi. Makonni na yi fuskata na raɗaɗi, ƙurajen da suka kwanta suka dawo, ko alwala da ruwan ɗumi sai na daure. Haɓar ta ɗan ɗame, ban musa ba, amma wallahi ban ga ribar ba.

Anti Bilki: Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya, abin da ciwo. Amma wannan laifin hannu ne da na'ura. Kasuwa ta cika da masu arha da ake kira HIFU duka, kuma a hannun wanda bai san inda jijiya ta bi ba ko mai lafiya tana iya ƙonewa, ko gefen leɓenta ya yi rauni na ɗan lokaci. Ni dai ina nan kan bakata: idan ciwon ya kwanta, likita ne ya riƙe na'urar, ban ga dalilin hana mace ba.

Zainab: Yayyena, akwai abin da ba a taɓo ba. A kantin magani nake aiki, kuma mata da yawa da ke zuwa da jan fuska ba roseshiya ce asalinsu ba, man bilicin ne mai kilobetasol ko betametazon. Yana siranta fata, jijiyoyi su fito fili, ƙuraje su feso, in an daina shafawa wurin ya ƙara tashi. Wata kuma jan kumatun alamar ciwon lufus ce, wanda garkuwar jiki ke afka wa jikin kansa. A fata mai duhu jan ba ya fita sosai, rarrabewa sai likita. Maman Sadik an duba ta, amma mai karanta wannan da ba a duba ba, don Allah kada ta kai irin wannan fatar gaban na'ura mai zafi.

Sista Rabi: Allah ya yi miki albarka, Zainab. Anti, mun kusa haɗuwa, sai dai ni ba zan ce "babu illa" ba, zan ce "mai yiwuwa, bisa sharaɗi". Maman Sadik, ki koma wurin likitan da ke duba ki. Ki tambaye shi ko ciwon ya kwanta yadda ya gamsu, ko za a tsaya a wuya da ƙasan haɓa a bar kumatu da hanci, kuma ko za a fara gwada ɗan wuri a jira a gani.

Anti Bilki: Gwajin ɗan wuri ban ƙi ba. Amma ƙasan haɓa ai ba inda ciwonta yake ba ne, ni a ganina ba sai an jira ƙurajen kumatu sun gama bushewa ba.

Sista Rabi: A nan ne ban bi ki ba, Anti. Muddin akwai ƙurji ko ɗaya mai rai, ciwon a farke yake, a jira.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu haka akwai biyu a kumatuna na hagu. Ina da ganin likita ranar Laraba, zan kai masa tambayoyin nan uku, in kuma tambayi mai gyaran jikin sunan na'urarta.