Wa ya taɓa haɗa darussa da fita sansani?

Malamar aji huɗu: Assalamu alaikum malamai da iyaye. Za mu fita da yaranmu sansani na kwana uku, kuma shugaban makaranta ya ce lallai lissafi da kimiyya da rubutu su shiga ciki, kada abin ya tsaya a shan iska. Wanda ya taɓa yi, don Allah me ya yiwu, me ya ƙi?

Malamin lissafi: Wa alaikis salam Malama. Ni bishiya ɗaya ta ishe ni. Na ce su faɗa min tsawonta, ba hawa ba sara. Wani ya ce mita 5, wani ya rantse ta kai 100. Sai muka kafa sanda mai mita 1 muka auna inuwarta, ta ba mu mita 2. Inuwar bishiyar kuwa mita 18. Wata yarinya da ko hannu ba ta ɗagawa a aji ita ta ce, "Malam, ai rabi za a ɗauka, tara ne." Ki kula dai a auna inuwar biyu a lokaci guda. Rukuni ɗaya sun auna ta sandar da hantsi, ta bishiyar da rana tsaka, amsarsu ta yi wani waje. Ban gyara musu ba. Washegari na sa suka riƙa ajiye tsakuwa a bakin inuwar sandar duk bayan awa ɗaya, da idonsu suka ga tana gajarcewa sannan ta koma tsawo. Inuwa mafi gajarta tana kwanciya ne a kan layin arewa da kudu, to da ita muka sa alamar arewa a taswirar sansanin da suka zana.

Wata uwa: Ni ƙorafi gare ni. Bara an ba ɗana takardun tambayoyi kusan shafi 20 ya tafi da su. Ya dawo da su a jiƙe, rabi ba a cike ba, yana cewa ana wasa shi yana zaune yana rubutu. Abin da kawai ya riƙe, wai gizo-gizo ƙafarsa takwas, tururuwa shida, don shi ya ƙirga da kansa. Wata guda yana damunmu da wannan magana.

Malamar kimiyya: Gaskiyarki Maman yara, littafi ƙarami ɗaya da fensir sun wadatar, biro zubewa yake in ruwa ya taɓa takarda. Mu farar leda muka ɗaura a reshe mai ganye da safe, kafin yamma ruwa ya taru a ciki. Wani yaro ya dage wai zubawa aka yi. Na ce to ya za ka tabbatar? Shi ya kawo shawarar a ɗaura wata a busasshen reshe. Ta wuni ba ko ɗigo. Sai bayan haka na yi musu bayanin yadda saiwa ke jan ruwa, ganye kuma ya fitar da shi ta ƙananan ƙofofi.

Malamin aji shida: Kada ki bar dare ya tafi a banza. Mun dace da Zara a yamma bayan faɗuwar rana. Da na ce musu ita ce dai Gamzaki da ke fitowa da asuba a wasu watanni, kuma ba tauraro ba ce, duniya ce mai zagaya rana cikin kwana 225, ba wanda ya yarda. Da muka koma aji kowa ya rubuta wa ƙaninsa wasiƙa a kai. Ban taɓa karɓar insha'i mai tsawon haka daga hannunsu ba.

Malamar aji huɗu: Na gode ƙwarai. Malam, in hadari ya rufe rana fa, ina inuwar?

Malamin lissafi: Sai ki koma taku. Ki ja igiya mai mita 10, kowa ya ƙirga takunsa a kai, su auna filin da ƙafa. Ki shirya musu, don takun dogo da na gajere ba za su zo ɗaya ba.