Kafiretar babur ɗina tana zubar da fetur ta tiyon obafulo

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum. Ina da babur irin na shiga daji, mai injin 250, wanda baƙin mansa yake daban da fetur. Ya yi kusan wata uku a jingine da mai a tankinsa, kuma tun ranar da na sake tayar da shi, da zarar na buɗe makullin mai sai fetur ya fara tsiyaya ta siririn tiyon da ke ƙasan kafireta, wato tiyon obafulo mai fitar da rarar fetur, ko da injin yana kashe. Na ƙwanƙwasa ƙoƙon kafiretar, inda fetur yake taruwa, da ƙotar sukundireba, zubar ta tsaya kwana ɗaya, sannan ta dawo. Wani abokina ya ce in lanƙwasa ɗan harshen da ke jikin fulota, wato abin da ke yawo a kan fetur cikin ƙoƙon, amma ina tsoron in ɓata abin da lafiyarsa ƙalau. Don Allah masana su nuna mini inda zan fara.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi daidai da ba ka taɓa harshen ba, domin fulotar da ta yi shekaru tana aiki ba ta sauya saiti don kawai babur ya kwana uku ko wata uku a ajiye. Aikinta shi ne ta tashi idan fetur ya cika ƙoƙo, ta tura wata 'yar allura mai bakin roba cikin mazauninta, mai ya daina shigowa. Idan ƙwayar yashi ko ɓarɓashin tsatsa ya maƙale tsakanin allurar da mazaunin, ƙofar ba za ta rufu ba, sai man ya yi ta hawa har ya kai bakin bututun obafulo ya fita. Tsayawar da zubar ta yi bayan ka ƙwanƙwasa ita ce babbar shaida a wurina cewa matsalar tana wajen allurar, ko datti ne ko kuma danƙon da tsohon fetur yake bari idan ya bushe.

Ka rufe makullin mai, ka tsiyaye ƙoƙon nesa da wuta, sannan ka kwance shi. Ka yi hattara da kawunan sukurorin, domin na baburan Japan suna saurin cinyewa idan sukundireban bai zauna daram ba. Ka zare fil ɗin da ke riƙe da fulota a hankali, kada ka buga shi da ƙarfi, saboda ƙafafun da yake ciki suna karyewa, kuma idan suka karye to kafiretar ce gaba ɗaya ta tafi. Ka duba bakin allurar a wurin haske. In ka ga zobe ya kwanta a jikin robar, ko ka ji gurbi da farcenka, sauya ta kawai za ka yi, wanki ba zai gyara ta ba. Mazaunin kuwa ka goge shi da tsinken auduga. Bayan ka mayar, ka kifa kafiretar ka hura iska ta tiyo mai tsabta a mashigar mai: idan iska ta wuce alhali fulota ta danne allura, har yanzu da saura.

Mai Gyaran Gida:
Maigida ya faɗi abin da ya fi yawan faruwa, sai dai ni ban yarda a ɗora wa allura laifi tun kafin a gwada ƙoƙon shi kaɗai ba. A kafiretoci da dama, sukurun tsiyaye mai da bututun obafulo tiyo ɗaya suke fita, don haka sukurun da bai ɗauru sosai ba yana kawo zubar da ba za ka iya bambanta ta da waccan ba. Haka nan bututun tagullan da ke tsaye cikin ƙoƙon yana tsagewa ta tsawonsa, tsaga siririya kamar gashi. Na taɓa sauya allura har sau biyu a banza kafin in gano haka. Tun da ƙoƙon yana hannunka, ka zuba masa fetur har kusa da bakin bututun, ka riƙe shi a miƙe na 'yan mintuna. Idan ya ɗiga, ba ruwan allura. Ka kuma girgiza fulotar kusa da kunnenka, domin wadda ta huje tana shan mai ta yi nauyi, ba ta iya tashi.

Tsohon Bakanike:
Gaskiyarka, Malam, gwajin ba ya cin lokaci. Abin da na manta shi ne baƙin mai. Fetur da ya cika kafireta yana iya gangarawa cikin silinda ya sauka ya gauraya da baƙin mai, ya tsinka shi. Ɗan'uwa, ka sansana ma'aunin baƙin man, kuma in ka ji ƙaurin fetur ko ka ga man ya ƙaru da kansa, ka juye shi kafin ka sake hawa.

Sabon Mahayi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙoƙon bai ɗiga ba, fulotar ma ba komai a cikinta, amma na tarar da jan gari kwance a ƙasan ƙoƙon, kuma bakin allurar yana da zoben da Maigida ya kwatanta. Da na zaro mazaunin sai na ga zoben robar da ke kewaye da shi ya bushe ya tsattsage, wanda ke nufin mai yana iya bi ta gefe ko da allurar ta rufe. Na sauya su duka biyun, na wanke tanki, na sa matacin mai a kan tiyo, na kuma juye baƙin mai domin lallai yana ƙaurin fetur. Tsayin fulota na auna shi kamar yadda littafin babur ɗin ya nuna, da kafiretar a karkace ta yadda harshen ya taɓa kan allura ba tare da ya danne sifirin ɗinta ba, kuma na same shi daidai, ban lanƙwasa komai ba. Yau kwana huɗu ke nan ƙasan babur ɗin a bushe, kuma yanzu ina rufe makullin mai duk lokacin da na ajiye shi.