Minshari mai ɗauke numfashi da hawan jinin da ya ƙi sauka

Maman Khalifa, Tudun Wada: Salam jama'a, don Allah wa ya taɓa ganin irin wannan? Maigidana minshari yake kamar an tada janareto, can sai ka ji tsit numfashi ya ɗauke, ina zaune ina ƙirge har wajen ashirin kafin ya zabura da gurnani ya ci gaba. Ga hawan jini, magani kala uku yake sha amma ya ƙi sauka, kullum da ciwon kai yake tashi. Na yi magana ya ce sharri nake mishi.

Baban Ummi, Samaru: Hajiya ba sharri ba ne wallahi, ni ma haka na dinga musu da uwargida sai da ta ɗauke ni a waya na ji da kunnena, kunya kamar ƙasa ta tsage. Da na je asibitin Shika likita ya ce naman maƙogwaro ne ke saki in barci ya yi nauyi ya toshe hanyar iska, in ɗaukewar numfashin ta kai sakan 10 ana lissafa ta ɗaya, wanda ke yi sau 30 a awa nashi ya yi tsanani. Duk ɗaukewa ɗaya oksijin ɗin jini ya faɗi, jiki ya firgita, jijiyoyin jini su tsuke jinin ya hau, haka har asuba. Mai lafiya jininshi kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari da dare, mu namu jijiyoyin ba hutu, a hankali cikinsu ya lalace su yi tauri, ta nan shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa.

Direba, Kwangila: Ni gyangyaɗi ne ya tona min asiri, saura ƙiris in faɗa rami a hanyar Kaduna da rana tsaka. Na rage tuwon dare na daina kwanciya rigingine, da sauƙi kam.

Anti Larai, Gyallesu: Mu har na'urar CPAP muka saya wa Baba, mai hura iska ta hanci, tsada ba a magana, sannan ga rashin wuta sai da yaran suka haɗa kuɗi aka sa sola. Satin farko cire takunkumin yake ya jefar wai an mai da shi saniya. Yanzu ko Kano za shi sai da ita. Amma fa maganin hawan jinin ba a ce ya daina ba, ana haɗawa ne.

Maman Khalifa: Na gode Baban Ummi, yau da dare wayata na caji a gefen filo, gobe ya yi musu mu gani.