Huracán, Ferrari 296 ko Porsche 911 Turbo S, wacce za ta iya zaman Sakkwato?

Ɗan Gawon Nama:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana mota ku taho ku ba ni shawara don kaina ya ɗau zafi. Ni dai tun ina yaro nike da ciwon mota, hoton Lamborghini na manne ga bangon ɗakina tun muna sakandare, abokai suna mini dariya suna cewa ko keke ban da. To alhamdulillahi kasuwa ta yi albarka, ina da Land Cruiser ta tafiya da wata Lexus ta cikin gari, yanzu so nike in cika wanga buri sau ɗaya in huta. Guda ukku na ware, kullum dare ina kallon bidiyonsu har maiɗakina ta fara cewa kishiya za a yi mata.

Ta farko Lamborghini Huracán, ita ce zuciyata ta fi so gaskiya. Inji V10 ne, wato mai silinda goma, mai lita 5.2, babu turbo babu batir, ƙarar nan tata in an taka wlh har tsikar jiki take tashi, kuma sun daina ƙera ta a 2024 sun kawo Temerario mai V8 da batir, ke nan wanda bai samu ba yanzu sai dai labari. Ta biyu Ferrari 296 GTB, V6 ce amma da injin lantarki haɗe, ƙarfin doki 830 gaba ɗai, kuma tana iya tafiyar kilomita 25 da batir kawai shiru kamar ba mota ba, wanda zai yi mini amfani in zan fita asuba kar in tada unguwa. Ta ukku Porsche 911 Turbo S wadda ta fito 2020, doki 650, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa daƙiƙa 2.7, ita ba ta burge ni ga ido kamar waɗancan amma kowa cewa shikai ita ce mai hankali cikinsu.

Dubai nike son in sawo. Nan Sakkwato nike son ta zauna ba Abuja ba, don mi amfanin mota in sai na hau jirgi kafin in gan ta. Wacce kuka gani?

Bakanike na J-Allen:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi sanya alheri. Shekarata sama da ashirin ina kwance ƙarƙashin mota, don haka ta ƙasa zan faro maka, ku masu saye ta sama kuke kallo.

Kafin ka duba doki nawa ne, ɗauki wayarka ka tsai da ita tsaye bisa ƙasa. To bambar gaban motocin nan ukku duk ba ta kai tsawon wayar nan ba. Yanzu ka tuna tudun rage gudu nawa za ka haye daga gidanka zuwa masallacin Juma'a, ka tuna wanda mutanen unguwa ke zubawa da kansu da siminti ba awo ba komi, ka tuna gangaren shiga gidan mai, ka tuna Mabera in ruwan Agusta ya sauka. Duk wadda za ka saya, tilas ta zamo tana da na'urar nan mai ɗaga gaba, maɓalli ne kake dannawa hancin motar ya tashi kamar santimita 4, ba duka ke zowa da ita ba don kuɗinta daban ne, kuma ba abin da za ka zo nan mu liƙa maka ba ne. In babu ita ka bar motar nan ko kyauta ce.

Na biyu mai. Injinan ga an yi su ne don fetur mai ƙarfin oktan 98, namu na gidajen mai bai kai nan ba, balle na jarka bakin hanya wanda Allah kaɗai ya san abin da anka gauraya. Abin da ke faruwa shi ne man na kamawa da wuta kafin lokacinshi, injin ya fara ƙwanƙwasa, kwamfutar motar ta ji ta ja da tartsatsin fulogi baya don ta tsare injin, sai ka ga dokin da ka biya kuɗinshi ya ragu, zafi kuma ya ƙaru. Ga watan Afrilu nan garin zafi na wuce digiri 40 cikin inuwa, ga ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska da lagireto, su kuma lagiretonsu can ƙasa suke dab da kwalta, duk leda da yashi su suke sha. Dubai da ka ce ka yi dabara, ƙasar zafi ce irin tamu kuma sitiyarinsu na hagu ne. Kar wani shi ruɗe ka da arahar Ingila, nasu sitiyarin dama ne, doka ba ta yarda da shi ba nan.

Na ukku wa zai taɓa ta? Ni dai ba zan yi maka ƙarya ba, in ka kawo mini 296 hannu zan ɗaga. Batir ne mai wuta mai ƙarfi wanda ke iya kashe mutum in bai san kanshi ba, kuma sai da kwamfutarsu ta kamfani. Ferrari suna ba da sabis kyauta na shekara 7 ga sabuwar mota, gaskiya ne, amma wurin dilansu, kai kuma ina dila nan kusa? Kuma irin wagga mota ba a aje ta haka nan, so take kullum tana jone da wuta in tana gareji, to ka san halin wutarmu sai dai ka ware mata sola tata. Porsche ko suna da wuri a Legas tun 2012, nisa ne i, wajen kilomita dubu, amma aƙalla ƙasa ɗaya ce ba biza ba kwastan, ka ɗora ta bisa babbar mota ta tai ta dawo. Cikin ukkun nan ni 911 zan ce. Abu ɗaya dai, tayarta goro guda ne babba a tsakiya ba biyar ba, mai faci na bakin titi ba shi da sifanar kwance shi, kuma babu safaya cikin but sai ɗan famfo da ruwan liƙi. Ka sawo sifanar tare da motar da taya huɗu na ajiya, na gaba da na baya ma ba girmansu ɗai ba.

In kuma za ka ji tawa tsakani da Allah, Urus ka saya. Lamborghini ce doguwa irin jif, ta farkonta doki 650, tana tashi sama har kusan santimita 25, har tsarin tuƙi na yashi gare ta.

Maman Iman:
Hhhh ni tambayata ɗaya Alhaji, kujera biyu ce fa, Hajiya da yara ina za su zauna? Kuma da babbar riga za ka shiga ko sai ka tuɓe ƙofar gida? Mun ga irinta wurin wani biki Abuja, ango ya zo fita sai da ya cire hula ya fiddo ƙafa ɗaya ya dafa ƙasa da hannu, abokai biyu sunka jawo shi kamar ana fidda guga daga rijiya, shaddar nan duk ta yamutse kafin a ɗau hoto ko ɗaya. A saya dai, mu 'yan kallo ne.

V10 ko Babu:
Malam bakanike na girmama ka kuma duk abin da ka faɗa na mai da ƙura gaskiya ne, amma maganar Urus ban yarda ba sam. Mutumin nan Land Cruiser gare shi, mi zai yi da wata doguwar mota kuma? Urus ƙashin bayanta ɗaya da Audi Q8 da Porsche Cayenne da Bentley Bentayga, duk gidan Volkswagen ne, injin V8 ɗin ma na gidan ne anka ƙara mishi yaji. Mota ce mai kyau ba musu, ita ce ma ta fi kawo ma kamfanin kuɗi, amma ba ita ce hoton da ke manne bangon ɗakinshi ba. Wanda ya yi shekara talatin yana mafarkin doki ba ka ba shi raƙumi ka ce ai shi ya fi jure ƙishirwa.

Kuma 911 da kake yabo, i ta fi sauƙin zama, har 'yan kujeru biyu gare ta baya da yaro ƙarami zai iya shiga, ga ta tana ja da taya huɗu. Amma matsalarta ta cika natsuwa. Ka taka ta ta kai 200 kana jin kamar kana falo. Huracán ko tun kana tada ta maƙwabta sun san ka tashi, injin na bayan kunnenka, allurar juyin injin na haurawa sama da 8,000 ba turbo da zai danne muryar. Irin wanga inji ya ƙare, dokokin hayaƙi na Turai sun kashe shi, shi ya sa nike ganin ko don ajiya ita ce ba za ta faɗi warwas ba.

To ga abin da ba wanda ya ambata, Huracán Sterrato. Huracán ce sak da V10 ɗinta, doki 610, amma kamfanin da kanshi ya ɗaga ta milimita 44, ya sa mata taya mai kauri ta burji, ya sa ƙarfe ƙasan gaba don duwatsu, sannan ya maida mashaƙar iska bisa rufi don kar injin ya riƙa shan ƙurar da tayu ke tadawa. Ka ji fa, kamar sun zo Sakkwato cikin Janairu sun gani. Guda 1,499 kawai sunka yi don haka sai ta hannu kuma masu ita sun san abin da suke riƙe da shi, za ka ji farashi. Porsche ma sun yi irin wagga dabara da 911 Dakar, guda 2,500, don tuna tseren Paris zuwa Dakar da sunka ci a 1984, tseren da a wancan lokacin ke ratsa hamada har ta ƙasar Nijar nan maƙwabtanmu. Dama shi Ferruccio Lamborghini tarakta yake ƙerawa kafin ya buɗe kamfanin mota a 1963, ke nan in motarshi ta taka ƙasa gida ta koma.

Kawu Na Runjin Sambo:
Ɗana, Allah shi ƙara buɗi. Ni na riga ka shiga wagga rigima, ba sai na faɗi sunan motar ba. Wata takwas ta yi hannuna. Ranar farko da na fito da ita yara sunka biyo ni tun daga kwanar gida har bakin titi, 'yan kabu-kabu suna matsowa da waya suna ɗauka, wani mai agwagwa da buje garin kallo saura kaɗan shi goge mini ƙofa. Sati na ukku na shiga wani gidan mai, gangaren ya ci leɓen bambar gaba, ƙarar da na ji har cikin haƙorina. Abin kabon ne ba a walda ba a bugawa, sai da na jira wata biyu kafin sabo shi iso, motar na lulluɓe cikin gareji ɓera na kai mata ziyara.

Kuma ina za ka taka ta? Cikin gari ba ka wuce giya ta ukku, ga shataletale ga awaki. Bayan gari ta Western Bypass ko hanyar filin jirgi da sassafe ranar Lahadi ka ɗan samu sarari, shi ma minti nawa ne. Hanyar Gusau ko ba sai na gaya maka ba, wanda ke cikin tsohuwar Golf ma addu'a shikai balle kai da anka hango tun daga nesa. Ido ma abin tsoro ne, garinmu kowa ya san gidan kowa. Ni daga baya Abuja na maida ta, can na sayar. Ban ce kar ka saya ba, halalinka ne, amma ka yi shawara da mahaifiyarka in tana raye.

Ɗan Gawon Nama:
Na gode ƙwarai jama'a. Kawu na ji, kuma Hajiya tana nan da ranta, na gaya mata tun watan jiya, abin da ta ce kawai shi ne in fara gama rufin islamiyyar unguwarmu da na yi alkawari, kuma an gama satin da ya wuce.

Maman Iman kin ba ni dariya, kaftani zan riƙa sawa hula bisa cinya.

Ferrari na cire ta, maganar batir da zafi da wutar NEPA ta shige ni. Malam bakanike bayan na karanta naka na fita da tef na auna gangaren ƙofar gidana da kaina, maigadi na kallona kamar na zautu, lallai ko Sterrato ce sai an fasa an sake zuba shi a kwance. Na kira mai siminti gobe. Wani sati in Allah ya yarda zan shiga Dubai in zauna cikin Sterrato da Turbo S duka in ji wadda bayana zai iya ɗauka, don ni dogo ne kuma an ce rufin Huracán gajere ne sosai. Amma kun dai san inda zuciya ta karkata.

Bakanike na J-Allen:
To Alhaji tunda V10 ɗin ce ta kama ka ba mai ƙwace ka. In ka tai ka sa a ɗaga ta sama ka duba ƙasanta da idonka, masu Sterrato can cikin yashi suke wasa da ita. Ka taho da filtar iska kamar shidda da man inji na sabis biyu da katan na maganin ƙara ƙarfin fetur. Kuma ranar da ta iso ka kira ni, ba zan taɓa komi ba wlh, so nike kawai in ji an tada ta.