Wace kalma za mu ba tsiron da wuri guda tak yake fitowa?

'Yan uwa masu sha'awar itatuwa, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Masana tsirrai na cewa "endemic" idan tsiro bai fitowa da kansa a ko'ina a duniya sai a wuri guda. Mu me za mu kira shi?

Ga irin tsiron da nake nufi. A 1765 masanin tsirrai John Bartram da ɗansa William suka tarar da wani ɗan itace a kurmin bakin kogin Altamaha, a jihar Jojiya ta Amurka. Furensa fari ne mai kunnuwa biyar, da cunkoson zare ruwan gwal a tsakiya, ga ƙamshi. Sai zafi ya kusa wucewa yake fure, ganyensa kuma ya rikiɗe ja kafin ya kaɗe. Dangin itacen shayi ne. Daga baya William ya koma ya ɗebo iri, aka raɗa masa suna Franklinia don girmama Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka. Duk yawon da William ya yi, bai sake ganinsa ba sai a wannan ɗan fili mai rairayi. Rabon da a gan shi a daji tun 1803. Duk itacen Franklinia da ke raye yau, daga irin da suka shuka a lambunsu na Filadelfiya ya fito.

Wani malami ya kawo "ɗan asali". Malam, ta yi faɗi: sabara ma 'yar asali ce tun daga Senegal har Sudan. "Mai wuyar samu" kuwa yawa take aunawa, alhali tsiro na iya cika wurinsa maƙil, a rasa ko ɗaya a waje. "Keɓantacce" ta kusa, sai dai ba ta faɗi da me ya keɓanta ba.

Ni na fi natsuwa da "mai gida ɗaya". Tsiro mai gida ɗaya, tsirrai masu gida ɗaya, har tsuntsu da kifi za ta ɗauka. Duk wanda ya ji ta zai gane cewa in aka sare kurmin, ko gobara ta cinye shi, ba wani wurin da za a je a nemo shi, kuma abin da nake so mai karatu ya fara fahimta ke nan.

Damuwata ɗaya, kada kunne ya ji "maigida". A rubuce dai a riƙa raba su biyu. Wanda ke da wadda ta fi ta sauƙin faɗi, ya kawo mu duba.