Likita ya ce a haɗe mini ƙasusuwan baya biyu da ƙarfe: in yarda ko in dakata?

Mai Shagon Yadi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar karatu ko ta abin da ya same su a jikinsu. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, na haura shekara hamsin, kuma na daɗe ina fama da ciwon ƙugu wanda nake ɗauka gajiya ce ta ɗaga dilolin yadi da yawan zaman benci. Tun bara lamarin ya sauya kama, domin yanzu ciwon yana gangarawa ta bayan cinyata ta dama har ƙwauri, kuma tafiyar da ba ta wuce daga gida zuwa masallacin unguwa ba takan sa ƙafar ta yi nauyi ta sage, sai na nemi dakali na zauna ko na ɗan sunkuya kafin ta sake ni. Tsayuwar asham ta gagare ni a azumin da ya wuce.

An ɗauke ni hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi da jijiyoyi, aka ce ƙashin ƙugu da suke kira L4 ya ɗan zame gaba a kan na ƙasansa, L5, zamewa ta mataki na farko, kuma hanyar da jijiyoyi ke bi ta matse a wurin. Likita na farko ya ce za a buɗe wa jijiyoyin hanya, sannan a haɗe ƙasusuwan biyu da kusoshi huɗu da sandunan ƙarfe biyu. Na biyun ya duba hoton nan ɗaya ya ce buɗe hanyar kawai ta wadatar, babu buƙatar ƙarfe. Kuɗin aikin farko ya fi na biyun nesa ba kusa ba. A gida kuwa an rabu biyu: wasu suna cewa kada in bari a taɓa mini baya domin a keken guragu zan ƙare, wasu kuma suna cewa in tattara in tafi Indiya. Ina da ciwon suga, ina shan magani, ba na shan taba. Wace hanya ce ta fi, kuma idan an sa ƙarfen, mutum yana iya ruku'u da sujada kamar da?

Mai Gashin Ƙashi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ba ka lafiya. Ni ba likitan tiyata ba ne, aikina gashi da motsa jiki, amma masu irin matsalarka su ne rabin mutanen da nake gani, kafin aiki da bayansa. Abu na farko da ya kamata ka tantance a ranka shi ne wanne ya fi damun ka, ƙugun ko ƙafar, domin aikin baya ya fi iya magance ciwon ƙafar da ke zuwa daga danne jijiya, fiye da yadda yake magance ciwon ƙugun kansa. Abin da ka kwatanta, wato ƙafa ta sage idan ka yi tafiya ta kuma sake ka idan ka zauna ko ka sunkuya, alama ce sananniya ta matsewar hanyar jijiyoyi, saboda sunkuyawa tana ɗan faɗaɗa hanyar, miƙewa kuma tana tsuke ta.

Kada rubutun da ke jikin sakamakon MRI ya firgita ka. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan shekara 50 suna da alamar tsufan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, kuma ko a cikin 'yan shekara 20 an samu kashi 37. Saboda haka hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai abin da ya nuna ya dace da abin da jiki ke faɗa. A wurinka da alama sun dace.

Akwai hoton da ban ji ka ambata ba. MRI a kwance ake ɗaukarsa, baya yana hutawa, don haka ba ya nuna ko ƙashin yana motsi ne ko kuwa ya zame ya tsaya wuri ɗaya. Ana sanin wannan ne da hoton ƙashi na yau da kullum wanda ake ɗauka daga gefe kana tsaye, ɗaya ka sunkuya gaba, ɗaya ka banƙare baya, sannan a gwada su. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma a kansa hujjar sa ƙarfe ta fi dogara. Ka tambayi likitocin biyu ko sun gan shi.

Idan ba ka taɓa yin motsa jiki na tsari ba na wata biyu zuwa uku a hannun ma'aikacin gashi, wato ƙarfafa naman ciki da na baya, da tuƙa keken tsaye, da rage teɓa idan akwai, to ba ka yi asarar komai ba idan ka fara da shi. Sai dai in fitsari ya fara riƙewa ko yana zuba ba da saninka ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko tsakanin cinyoyi da wurin zama ya mutu ba ka jin taɓi, ko kuwa ƙafar ta fara jan ƙasa takalmi yana fita, wannan ba na jira ba ne, a ranar za ka tafi asibiti.

Uwar Marayu ta rubuta:

Alhaji, sannu da jiki. An yi mini irin wannan aiki a L4 da L5 shekarun baya, kuma zan faɗa maka abin da na gani ba tare da ƙari ba. Ciwon ƙafar ya tafi tun ina kan gadon asibiti, har na yi mamaki, kuma washegarin aiki aka tashe ni na taka da abin dogarawa. Ƙugun kuwa bai koma sabo ba. Har yau idan na daɗe a tsaye a kicin ko na yi doguwar tafiya a mota yakan riƙe, kodayake bai kai rabin na da ba.

Watannin farko su ne masu wuya, kuma ba wanda ya shirya ni a kansu. An hana ni sunkuyawa da murɗa jiki da ɗaukar abu mai nauyi, har bokitin wanka sai an kai mini. Masai na tsuguno ya gagare ni, dole aka sa mini na zama. Zaman tabarma da kwanciya a katifar ƙasa duk na bar su, shiga Keke Napep a hanya mai ramuka kuwa azaba ce. Ka tanadi waɗannan tun kafin ranar aiki, ka kuma nemi wanda zai riƙe maka shago, domin ba za ka ɗaga dila ba na tsawon lokaci, wataƙila ma a ce ka bar ɗagawar gaba ɗaya.

Game da salla, a kan kujera na yi ta har likita ya duba hoto ya ce ƙashin ya kama, kuma malamai sun kawo mini hadisin Imrana bin Husaini cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kan gefensa. Yanzu ina ruku'u ina sujada, illa dai ina sauka a hankali ina dafa ƙasa. An yi mini bayani cewa yawancin sunkuyawar mutum daga mahaɗar cinya take fitowa, shi ya sa haɗe gaɓa ɗaya ba ya sandarar da baya duka.

Ɗan Tasha ya rubuta:

Ni dai shawarata, Alhaji, ka yi nesa da wuƙa. An yi wa yayana aikin ƙarfe a wata ƙasar waje bayan an sayar da fili, ya dawo yana murna, amma ba a daɗe ba ciwon ya dawo, kuma da ya koma asibiti a nan gida aka ce gaɓar da ke saman wadda aka haɗe ita ce ta lalace, sai an sake wani aikin. Likitan da ya yi masa na farko ba ya ko amsa saƙo. Mutane da yawa suna samun sauƙi da ƙaho da gashin gargajiya, ka gwada su tukuna.

Likitan Ƙashi ya rubuta:

Alhaji, ba zan iya zaɓar maka ba tunda ban duba ka ba, amma zan faɗi abin da aka sani, domin saɓanin da ka gani tsakanin likitocinka biyu saɓani ne da ke tsakanin likitocin duniya, ba alamar cewa ɗaya bai san aikinsa ba.

Aikin haɗe ƙashin baya ya samo asali ne a 1911 a birnin New York, inda likitoci biyu, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da tasa dabara, suka yi shi don masu tarin fukan da ke cin ƙashin baya ya karya shi ya fitar da doro. Wannan cuta har yanzu muna ganinta a Arewa, kuma a irinta, da karayar baya ta haɗarin mota, da ƙari, da karkacewar baya mai tsanani, amfanin aikin ba abin gardama ba ne. Gardamar tana kan masu lalacewar baya ta shekaru. Ga mai ciwon ƙugu kawai wanda babu danne jijiya, wani gwaji da aka yi a Birtaniya a kan mutum 349, aka wallafa a 2005, bai nuna wani bayyanannen fifiko na tiyata a kan motsa jiki mai tsari ba, kuma tun 2016 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce kada a yi wa irin waɗannan aikin haɗewa sai a cikin bincike.

Naka daban ne, tunda akwai matsewa da zamewa. A 2016 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwaji biyu a fitowa ɗaya. Na Sweden, mai mutum 247, ya gano cewa ƙara haɗewa a kan buɗe hanya bai ƙara sauƙi ba bayan shekara 2 da kuma shekara 5, sai dai ya tsawaita aikin, ya ƙara zubar jini da kwanakin asibiti da kuɗi. Na Amurka, mai mutum 66 kacal, ya samu ɗan fifiko ga haɗewa, kuma waɗanda aka sake yi wa aiki sun kai kashi 34 a cikin waɗanda aka buɗe wa hanya kawai, kashi 14 a cikin waɗanda aka haɗe. A 2021 wani gwajin na Norway mai mutum 267, dukansu masu zamewa irin taka, ya goyi bayan na Sweden. A nawa ganin, idan zamewar ta mataki na farko ce, wato ba ta wuce rubu'in faɗin ƙashin ba, kuma hoton sunkuyawa da banƙarewa ya nuna ba ta motsi, kuma ƙafa ce ta fi damun ka, to hujja ta fi karkata ga ƙaramin aikin. Idan kuwa ƙashin yana motsi a fili, ko buɗe hanyar zai tilasta a cire mahaɗan da ke riƙe da gaɓar, to likitanka na farko yana da dalili mai ƙarfi.

Mutane suna zaton ƙarfen ne maganin, alhali kusoshin tamkar katakan da ake tokare rufin kankare da su ne kafin siminti ya kama. Ainihin haɗewar tana faruwa ne idan ɓarɓashin ƙashin da aka zuba a wurin, wanda sau da yawa daga jikinka ake ɗebo shi, ya tsiro ya liƙe ƙasusuwan biyu, abin da kan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda. Idan bai kama ba, kusoshin kan yi sako-sako ko su karye. Taba ita ce babbar mai hana shi kamawa, kuma ka tsira daga wannan, amma sugan da ba a daidaita ba yana jinkirta warkewa yana kuma jawo ruɓewar rauni, don haka a yi maka gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a wata uku da suka wuce, kafin a sa rana.

Maganar keken guragu kuwa, lakar baya takan ƙare ne a wajen L1 zuwa L2, wato sama da inda za a yi maka aiki, don haka a L4 da L5 saiwoyin jijiyoyi ne kawai, kuma shanyewar ƙafafu gaba ɗaya daga aiki a wannan wuri abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Haɗuran da suka fi kusa su ne yagewar fatar da ke lulluɓe da jijiyoyi, da ciwon rauni, da daskarewar jini a ƙafa, da raunin saiwa guda. Abin da ya sami yayan Ɗan Tasha ma gaskiya ne yana faruwa, saboda gaɓar da aka hana motsi takan tura nauyinta ga maƙwabciyarta, kuma wannan na cikin dalilan da ba a son haɗewa ba bisa larura ba. Sai dai ƙaho ba ya faɗaɗa hanyar da ƙashi da kaurin jijiyar da ke ɗaure gaɓa suka tsuke, kuma tsaga ko gashi da wuta a jikin mai suga yana iya barin gyambo. Haka nan ina roƙon ka kada ka mayar da tramadol ko diclofenac abin sha kullum ba da sanin likita ba, na farko yana kama mutum, na biyu yana taɓa ƙoda da ciki.

Tafiya waje zaɓinka ne, amma ka lissafa wanda zai riƙa duba ka na shekara guda bayan ka dawo. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano duk suna garinku, ka nemi ra'ayi na uku a ɗayansu, ka tambayi duk wanda zai yi maka aikin sau nawa yake yin irinsa a shekara, da abin da zai yi idan rauni ya yi ruwa, da kuma ko kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da kusoshi da jini da gashin bayan aiki.

Mai Shagon Yadi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba takarduna, hoton sunkuyawa da banƙarewar nan ba ya ciki, kuma rabona da gwajin suga na wata uku an daɗe. Idan na auna da gaskiya, ƙafar ce ta hana ni sakat, ƙugun zan iya zama da shi. Zan yi gwaje-gwajen biyu in kai su Dala tare da MRI ɗin. Likita, shin in fara motsa jikin tun yanzu, ko in jira sai an ga hoton?

Likitan Ƙashi ya rubuta:

Tafiya gajera-gajera tare da hutawa, da keken tsaye, ba za su cutar da kai ba, kana iya fara su gobe. Sauran atisayen ka bari ma'aikacin gashi ya tsara maka bayan ya ga hoton, musamman masu banƙare baya, domin suna iya ƙara sagewar. Idan za ka je, ka tafi da faifan MRI ɗin kansa, ba takardar sakamakon kaɗai ba, ka kuma rubuta sunayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya.